Kafin a Zana Katangar Teku, Wa Aka Tambaya?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a wani ɗan gidan abinci na 'yan uwanmu a Bronx, inda ake tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, sai wata yarinya 'yar makaranta ta shigo da takardu tana rabawa tebur tebur. Sanarwa ce ta taron jin ra'ayin jama'a a kan shirin kare birnin Niyok daga ambaliyar teku. Wani dattijo direban tasi, mutumin Kumasi, ya karɓa, ya gyara tabarau ya duba, ya ninke ta biyu, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

"Malam," in ji shi, "waɗannan ai sun riga sun shafa fatiha. Amin kawai ake nema a bakinmu."

Aka yi dariya, aka koma hirar ƙwallo. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin ba a jima ba wannan dattijon ne yake ba mu labarin yadda a Hamilton Beach, kusa da filin jirgin sama na Kennedy, ruwa ke fitowa ta bakin kwata ya malale titi a daren da wata ya cika, sama garau, ko ɗigo bai sauka ba. Ya san wace gada ce ba a bi ƙarƙashinta in an yi ruwa na awa ɗaya, ya san layin da in ka ajiye mota da dare sai ka tarar da gishiri ya ci mata ƙasa. Duk wannan sani yana kansa, kuma ba ya jin akwai mai bukatarsa. Wannan ɗabi'a ta zame mana jiki, a nan da can gida: a kira mu shawara mu ce an riga an gama. Akwai gaskiya a ƙorafin, zan kuma faɗe ta. Amma ƙauracewar tana jawo mana asarar da ta fi ta ɓata yamma ɗaya a zauren taro.

1. Abin da Sandy ta bari

Daren 29 ga Oktoba 2012 guguwar Sandy ta faɗo wa gaɓar gabashin Amurka. Ɓarnar ba daga iska ta fi zuwa ba. Ruwan tekun da guguwar ta tunkuɗo gabanta ne, ya kuma dace da cikar wata, lokacin da teku ke batsewa. A ƙurewar kudancin Manhattan ruwa ya tashi kusan ƙafa 14, ya cika ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kashe wuta kwana da kwanaki, har aka riƙa sauko da marasa lafiya ta matakala daga manyan asibitoci. Mutum 44 suka rasu a birnin kaɗai, fiye da rabinsu a Staten Island, dukiyar da ta salwanta kuma ta kai dala biliyan 19.

A Janairun 2013 majalisar dokokin Amurka ta ware kusan dala biliyan 50 don gyara, ta kuma umarci Sashen Injiniyoyi na rundunar sojan ƙasar, wanda shi ke da alhakin manyan ayyukan ruwa, ya binciki haɗarin da ke gaɓar baki ɗaya. Rahoton ya fito a Janairun 2015. Ya duba gaɓar da ta haura mil 31,000, ya ware wurare tara da ke bukatar bincike na musamman. Tashar ruwan Niyok da New Jersey na cikinsu, yankin da mutum kusan miliyan 16 ke zaune, kuma a 2016 aka fara nata binciken. A lokacin, ƙa'idojin dokar muhalli ta ƙasar sun wajabta a buga daftarin irin wannan aiki, a ba jama'a aƙalla kwana 45 su faɗi ra'ayinsu, a kuma amsa musu a rubuce. Ke nan a takarda ƙofa a buɗe take.

2. Injiniya yakan amsa tambayar da aka yi masa

Matsalar tana ga lokacin da ake buɗe ƙofar. Kafin a kira taro na farko an riga an tsayar da tambayar da binciken zai amsa, kuma a Niyok tambayar ita ce: yaya za a tare ruwan teku irin wanda Sandy ta turo? Wanda aka yi wa wannan tambaya, amsarsa katanga ce da ƙofofin ƙarfe. Haka kuwa aka yi. Zaɓi mafi girma da aka gabatar shi ne shinge a bakin tashar, daga Sandy Hook zuwa Breezy Point, a kan dala biliyan 119. Masu kare kogin Hudson suka ce zai shaƙe shige da ficen ruwan da kifi ke rayuwa a kai. A Janairun 2020 shugaba Trump ya yi wa shirin ba'a a Twitter, wata guda bayan nan aka tsayar da kuɗin binciken. Da aka farfaɗo da shi, a Satumbar 2022 aka fitar da wani zaɓi na dala biliyan 52, mai ƙofofi 12 a bakin ƙoramu da mashigai, da katangu a gefen ruwa.

A tsakanin nan wani abu ya faru da ya kamata ya girgiza kowa. Daren 1 ga Satumba 2021 ragowar guguwar Ida ta ratso birnin. A Central Park ruwan sama ya haura inci 3 cikin awa ɗaya. Magudanai suka ƙoshi, ruwa ya dawo ta masai da bahon wanka, ya gangara matakala ya danne ƙofofi. Mutum 13 suka rasu a birnin, 11 daga cikinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, akasari baƙi 'yan ci-rani a Queens, har da yaro ɗan shekara biyu da iyayensa. Ruwan nan daga sama ya zo. Da an riga an gina ƙofofin nan goma sha biyu, ko mutum ɗaya ba za su ceta ba a wannan dare. Abin ma ya fi haka: katangar da ke hana teku shigowa tana iya hana ruwan sama fita, in ba a haɗa ta da injinan zuƙe ruwa ba. Kuma a yawancin tsofaffin unguwannin birnin bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida, in ya cika ya amayar a kogi. Ka rufe ƙofa a bakin ƙorama a irin wannan rana, ka tare wa mutane ƙazantarsu a ƙofar gida.

Duk wanda ke kwana a ɗakin ƙasa a Queens ya san wannan tun kafin Ida. Duk mai shago a unguwar da teku ke leƙowa ranar cikar wata ya san ambaliya ba iri ɗaya ba ce. Da aka buga daftarin 2022, mai shafi sama da 500 ban da rataye, ƙungiyoyin unguwanni suka matsa har aka ƙara wa'adin sauraro zuwa ƙarshen Maris 2023, kuma abin da suka fi nanatawa ke nan: ku duba ruwan sama, ku duba hauhawar teku ta yau da kullum. A ƙarshen 2023 gwamnatin jihar Niyok ta rubuta a hukumance tana neman a faɗaɗa binciken ya haɗa da waɗannan, bisa wata doka ta 2022 da ta ba ta wannan dama. Magana ta yi aiki, amma bayan shekara bakwai. Tun ran gini tun ran zane. Da an zauna da mutanen unguwa a 2016 an tambaye su ta ina ruwa ke shigo musu, kafin a ɗauki fensir, da ba a yi wannan doguwar kewaya ba. Abin da ake yi yanzu kamar tela ne ya gama ɗinki sannan ya kira ka ya ce wane launin maɓalli kake so, alhali rigar ba ta shige ka ba.

3. Ma'aunin da ya san kuɗin gida

Akwai wani abu a cikin waɗannan rahotanni da ba kasafai ake bayyana shi a zauren taro ba, shi ne kuma ke yanke hukunci. Tun dokar 1936 ƙa'idar ita ce gwamnatin tarayya ba ta shiga aikin tare ambaliya sai amfaninsa ya fi kuɗin da za a kashe. Ƙa'ida ce mai kyau a fuska. To amma da me ake auna amfanin? Galibi da darajar dukiyar da za a kuɓutar. Ɗauki misali: layi ɗaya mai gidaje goma na attajirai, da wani layin mai gidajen haya inda iyalai ɗari ke cunkushe. In gidaje goman sun fi tsada a kasuwa, lissafi zai ce katanga ta fi cancanta a can. Babu wanda ya yi niyyar zalunci, amma sakamakon zalunci ne.

Abin da talaka ke rasawa a ambaliya ba ya shiga wannan ma'auni da sauƙi. Motar haya da ruwan gishiri ya shiga injinta, ita ce jarin gidan gaba ɗaya, da ita ake biyan haya, da ita ake aika wa tsohuwa kuɗi a Tamale ko Damagaram. Mai kitso da shagonta ke ƙasan bene ta yi wata biyu ba ta buɗe ba. Tsoho mai ciwon sukari a hawa na goma sha biyu, lif ya mutu, firjin da yake ajiye allurarsa ya huce. Jakar takardun zama da aka yi shekaru ana bi ta jiƙe ta dame. Ga kuma waɗanda ba a ma san da su ba: ɗakunan ƙasa da yawa ba su da izinin haya, don haka a takardun hukuma babu kowa a ciki. Mai gida ba zai yi magana ba don tsoron tara, ɗan haya ba zai yi ba don tsoron kora. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai ɗakin yana tsoron a san yana ciki, wa zai nuna wa injiniya wurin?

A nan ne nake ganin shigar jama'a ta wuce ladabi ko cika sharaɗin doka. Hotunan tauraron ɗan'adam da na'urar auna tudu da kwari suna ba da taswira, amma ba su san wace kwata ce ta toshe tun bara ba, ba su san gidan da mutum takwas ke kwana a ƙasa ba. Binciken da bai ji daga bakin mutane ba, lissafinsa ne ke da giɓi, ko da masanan da suka yi shi sun ƙware.

4. Inda aka yi magana aka ji

Masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, su dubi Texas. Bayan guguwar Ike ta Satumbar 2008 ta share gidaje a zirin Bolivar, aka yi shekaru ana bincike. Daftarin Oktoba 2018 ya zo da ganuwar ƙasa da katanga da za su bi ta tsakiyar zirin, su bar ɗimbin gidaje a ɓangaren teku. Mutanen wurin suka cika zaurukan taro, suka aika dubban wasiƙu. A 2020 aka sake zane: aka cire ganuwar, aka maye ta da tuddan yashi da faɗaɗa gaɓa, a gaban gidajen. Wannan sabon tsarin ne majalisa ta amince da shi a 2022. A Miami kuma, bayan guguwar Irma ta 2017, an zana katanga mai tsayi har ƙafa 20 a wasu wurare a cikin ruwan Biscayne. Jama'a suka ƙi, shugabar gundumar, Daniella Levine Cava, ta mayar da shirin a 2021, aka koma aka sake bincike.

Holand ta riga su. Ambaliyar 1953 ta kashe mutum 1,836, gwamnati ta ƙudura toshe mashigan teku da madatsu. Da aka zo kan mashigin Oosterschelde, masu kiwon kawa da masunta da masu kare muhalli suka ce in aka toshe shi gaba ɗaya ruwan zai zama na daɗi, sana'arsu ta mutu. An riga an fara aiki, amma a tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta janye. Abin da aka buɗe a 1986 shinge ne mai ƙofofi 62 da ke zama a ɗage, sai guguwa ta taso a sauke su. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma har yau ana fitar da kawa daga Yerseke, kuma shingen shi ne abin da injiniyoyin duniya ke zuwa kallo.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Oakwood Beach a Staten Island. Mutanen wurin, ma'aikata ne masu ƙananan gidaje a gefen fadama, sun sha ambaliya tun 1992, har suka kafa kwamiti suna neman a kare su. Sandy ta kashe musu maƙwabta uku. Ba su jira wani daftari ba. Suka taru, suka bi gida gida suna tattara sunaye, suka zana taswirar unguwarsu, suka kai wa gwamnatin jiha buƙata ɗaya: ku saye gidajenmu a farashinsu na kafin guguwa, ku rushe, ku bar wa fadama wurinta. A farkon 2013 gwamna Andrew Cuomo ya amince, daga baya wasu unguwanni biyu suka bi sahu, aka sayi ɗaruruwan gidaje. Da jami'i ne ya zo ya ce musu ku tashi, da an yi ta shari'a har yau. Da yake daga bakinsu ta fito, zaɓin da babu ɗan siyasar da ke son furtawa ya zama mai yiwuwa.

5. Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya

Ba zan ɓoye labarin filin shaƙatawa na East River Park ba, domin shi ne hujjar masu cewa an shafa fatiha. Bayan Sandy, gwamnatin tarayya ta ba da dala miliyan 335 a 2014 don kare gabashin kudancin Manhattan. Shekara huɗu mazauna unguwar suna zuwa taro bayan taro, suna zane tare da masana, har aka daidaita a kan tudu a gefen babbar hanya, a bar filin shaƙatawar ya riƙa shan ruwa in guguwa ta zo. A Satumbar 2018 gwamnatin birni ta fito da wani shiri dabam da aka tsara ba tare da su ba: a binne filin duka da ƙasa kusan ƙafa takwas, a sare bishiyoyi kusan dubu, a kan dala biliyan 1.45. Mai yiwuwa ne dalilan injiniyoyi na da ƙarfi. Amma wanda ka zaunar shekara huɗu sannan ka sauya magana a bayan idonsa, ka koya masa cewa zuwansa ba shi da daraja, kuma ba shi kaɗai ya koyi darasin ba, duk birnin ya koya. Hukumar da ta yi haka ta ci bashin amana da wata hukumar za ta biya a taro na gaba, ranar da kujeru suka zama wayam.

Sai dai labarin yana da wani gefe. Shugabannin masu haya a gidajen gwamnati da ke fuskantar filin, waɗanda suka kwana cikin duhu da sanyi bayan Sandy, da yawansu sun goyi bayan sabon shirin. Su bukatarsu a gama da wuri kafin wata guguwar. Masu zanga-zangar bishiya da masu kai ƙara kotu su aka fi ji a jarida. Wato jama'a ba murya ɗaya ba ce, kuma taron da aka sa ƙarfe shida na yamma ranar aiki, da Turanci zalla, yakan tara mai hutu da mai lauya da wanda ya saba da makirfo. Direban dare yana kan hanya, mai aikin jinya a gidan tsofaffi ba ta tashi ba, uwa ba ta da mai riƙe mata yara. In jami'i ya ƙirga kawunan da ke zauren ya rubuta cewa an ji jama'a, bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Nauyi ne a kan hukuma ta je inda mutane suke: ƙofar masallaci da coci, wurin da direbobi ke jiran fasinja a filin jirgi, da tafinta, da taƙaitaccen bayani shafi biyu da mutum zai iya karantawa a jirgin ƙasa. Ta kuma dawo ta ce ga abin da kuka faɗa, ga wanda muka ɗauka, ga wanda muka bari da dalili.

6. Mu da muke zaune a bakin ruwa

Mu mutanen tudu ne a asali, shi ya sa muke ɗaukar zancen teku kamar na wasu. Amma ci-rani ya kai mu Legas da Kwatano da Akra da Duwala, kuma baƙo ba ya samun tudu, kwari ake bar masa. A Akra, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah suka kashe mutum kusan 150. Kafin wata ya ƙare motocin rusau sun shiga Old Fadama, unguwar da ke bakin tafkin Korle, inda akasarin mazauna 'yan arewacin Gana ne, da hujjar buɗe wa ruwa hanya. Haka abin yake zuwa in ba ka cikin bincike: kai kake zama matsalar da binciken ya gano.

Amma mutanen Old Fadama sun yi wani abu da ya kamata a koya. A 2009 sun ƙirga kansu da kansu, ɗaki ɗaki, suka fito da adadin da ya doshi 80,000, da sana'o'insu da garuruwan da suka fito. Daga ranar babu mai iya zana taswirar wurin ya ce fili ne.

Irin wannan aikin ba ya fin ƙarfin kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan gari ɗaya, a Bronx ne ko a Agege. Kowa na da waya a aljihu. Ranar da ruwa ya shigo, a ɗauki hoto, a rubuta kwanan wata da sunan layi, a nuna inda ya kai a jikin bango, a faɗi ta ina ya zo, ta kwata ko ta teku ko ta sama. A sa yaranmu da suka yi karatu su karanta daftarin su fassara wa iyaye a zaman bayan sallar isha. Wanda ke tsoron sa sunansa, ƙungiya ta rubuta a madadinsa da sunanta. A Amurka duk wasiƙar da ta shiga cikin wa'adi tana zama cikin kundin aikin. Da irin waɗannan wasiƙu lauyoyi ke kafa ƙara in an yi biris da su. Binciken tashar Niyok bai ƙare ba, ginin kuma in an fara zai ɗauki shekaru sama da goma, jihohi da birni za su biya kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa daga harajin da ake cire mana kowane mako. Mai yiwuwa a sake buɗe wa'adin sauraro, kuma ƙungiyoyinmu na da isasshen lokaci su fara tara hotunansu tun daga daminar bana.